Shirwa, Shaho da Ungulu: Me Ya Sa Ya Kamata Damargu Ta Fara Ƙidaya Su

Mutumin Damargu ba baƙon kallon sama ba ne. Da zarar watan Yuni ya kama, manomin Gangara da makiyayin kwarin Tarka idonsu na gabas, suna dakon hadari, domin a ƙasar da ruwan shekara da ƙyar yake haura milimita 300, hadari ɗaya kan raba shekarar ƙoshi da shekarar cin rani. Amma akwai masu yawo a wannan sararin rani da damina, kowa na ganinsu, ba mai lissafa su: shirwar da ke shawagi a kan gari, shahon da ke ratsa gonaki, ungulun da ke jiran a watse a mahauta, da mujiyar da ke fitowa bayan magariba. Ra'ayina shi ne, lura da waɗannan tsuntsaye daga ƙofar gida, ko daga gona, ko daga bakin rijiya, hanya ce mafi araha ta sanin lafiyar ƙasar da ake noma da kiwo a kanta. Kuma babu wanda zai iya wannan aiki yadda ya kamata in ba mutanen Tanut da Belbeji da kansu ba.

Dalili na farko yana ga inda Allah ya ajiye ƙasar. Garin Tanut na kan hanyar Agadas, kusan kilomita 150 arewa da Damagaram. Belbeji kuma, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, tana yamma da shi. A nan gonar gero ke ƙarewa, dajin kiwo ya fara, kuma iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata ta bi ta wannan yanki. Tsuntsun da ya taso daga Turai ya ƙetare Sahara, a wannan sashe na Sahel yake fara samun fara da ƙadangaru bayan kwanaki yana tafiya a kan yashi da duwatsu. Wanda ya taso daga kudu yana bin damina, kusan nan ne ƙarshen tafiyarsa kafin ya juya. Saboda haka tsuntsaye masu cin nama kashi uku ne a Damargu: 'yan gida da ba sa zuwa ko'ina, baƙin damina daga kudu, da baƙin hunturu daga arewa. Ga shi ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, aduwa da kandili da farar ƙaya a warwatse suke, ido na kaiwa nesa ba abin da ya tare shi. Abin da mai kallon tsuntsaye a ƙasar kurmi zai sha wahala da madubin hangen nesa kafin ya gani, yaro mai kiwon awaki a Olelewa yana ganinsa da idonsa.

Bambance su ba wuya gare shi ba, in an san inda za a duba. A sama, sifar fiffike da wutsiya ta fi launi faɗin gaskiya. Shirwa ƙasa-ƙasa ce, wutsiyarta a tsage take, tana murɗa ta hagu da dama lokacin da take shawagi, kuma irin wadda ta fi yawa a garuruwanmu bakinta rawaya ne. Shaho na ainihi, wanda ke kama kurciya da hasbiya a sama, fukafukansa masu tsini ne, tafiyarsa a miƙe, ba ya ɓata lokaci da kewaya. Akwai wani ɗan ƙarami, fari da toka, mai baƙi a kafaɗa da jan ido, wanda kan tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike yana duban ƙasa: wannan ɓera yake nema, kuma ya fi son zama a kan wayar lantarki ko busasshen reshe. Akwai mai launin toka da dogayen jajayen ƙafafu, da ke zama a tsaye a kan ƙololuwar itace yana jiran ƙadangare. Ungulu da mikiya kuwa fukafukansu faffaɗa ne, ƙarshensu a rarrabe, ba sa yawan kaɗa su. Shi ya sa ba a ganinsu a sama da sassafe: sai hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi ta fara hawa, sannan su hau ta su yi ta kewaya. Mikiyar da ke kwana a duwatsu tana hawa fiye da yadda ake zato. A watan Nuwamba na 1973 wani jirgin sama ya yi karo da ɗaya a sararin Abijan, a tsawon mita 11,300.

Wanda ya fara lura, abu na biyu da zai gane shi ne kowane wata da baƙinsa. Da faɗuwar damina shirwa kan ƙaru, sannan wani shaho mai jajayen fukafukai ya iso daga kudu don ya yi sheƙa ya ci fara, haka ma wata 'yar ƙaramar shirwa fara mai toka-tokan baya da dogayen rassan wutsiya biyu, wadda ke tafiya garke-garke. Daga Satumba zuwa Oktoba, ana cikin girbin gero, baƙin arewa ke sauka. Fitacce a cikinsu shi ne wanda masana ke kira shahon Montagu, siriri, namijin toka, macen ƙasa-ƙasa da fari a gindin wutsiya, yana tafiya dab da ciyawa da fukafukai a ɗage. Nauyinsa bai wuce giram 300 da 'yan kai ba, amma yana haihuwa a gonakin alkama na Holan, Jamus, Faransa da Folan, ya yi tafiyar kusan kilomita 5,000 zuwa Sahel, ya zauna har Maris ko Afirilu. Masu bincike daga Holan da suka bi sawunsa a Nijar a 2006 da 2007 sun tarar mafi yawan abincinsa a nan fara ce. Irin yawan da masu cin farar nan kan yi in sun taru yana da ban mamaki: a watan Janairu na 2007, kusa da Kaulak a ƙasar Senegal, an gano makwanci ɗaya mai ɗauke da ƙananan shahuna 28,600 da fararen shirwa 16,000.

A nan maganar ta shafi rumbu. Damargu ta san fara, ta san shekarar 2004 da farar ɗango ta haɗu da ƙarancin ruwa, da yunwar 2005 da ta biyo baya. Gaskiya ita ce tsuntsu ba zai iya tsayar da garken farar ɗango ba. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa garke mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya yana da fara kusan miliyan 40, masu cin abin da mutum 35,000 za su ci a yini. Sai dai ba kowace shekara farar ɗango ke zuwa ba. Wadda ke cin gero shekara da shekaru ita ce farar gida, mai ƙyanƙyashewa a cikin ƙasarmu da ruwan farko, kuma ita shahuna da shirwa da shamuwa da balbela ke ragewa kullum, har cikin rani lokacin da ba mai feshi. Haka zancen ɓeraye yake. Manomin Damargu ya san ɓeran daji da ke tono iri daren da aka yi shuka, har a sake shuka sau biyu ko uku. Abokan gabar wannan ɓera su ne mai baƙar kafaɗar nan da rana, da farar mujiya da dare. Iyalin mujiya ɗaya na cin ɓeraye dubbai a shekara, abin da ya sa manoman kwarin Urdun suke kafa mata akwatunan sheƙa a gonakinsu tun shekarun 1980, don su rage sayen guba.

Aikin ungulu ya fi wannan fitowa fili ga duk ƙasar da ke rayuwa da dabbobi. A shekarar fari, ko a ƙarshen rani lokacin da shanu ke faɗuwa a hanyar rijiya, garken mikiya kan cinye mushen saniya cikin sa'o'i kaɗan, kuma tsamin cikinsu yana kashe ƙwayoyin cututtuka irin su ciwon saifa. In babu su mushe ba ya ɓacewa, sai dai ya sami wasu masu ci. Wani bincike a Kenya ya nuna cewa inda ungulaye ba su sauka ba, mushe kan ɗauki kusan ninki uku na lokacin da yake ɗauka kafin ya ƙare, diloli da sauran masu cin mushe su yi ta haɗuwa a kansa, abin da kan iya yaɗa cuta a tsakaninsu. Indiya ta ɗanɗana wannan. A shekarun 1990 aka fara ba shanu maganin ciwon jiki mai suna diklofenak, wanda ke lalata ƙodar ungulu in ta ci mushen. Cikin shekaru kaɗan fiye da kashi 95 cikin 100 na manyan ungulayen ƙasar suka mutu. Karnukan da ba su da masu su suka yawaita, haukan kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓata. An hana ba dabbobi maganin a 2006, amma wani nazari da aka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005. Bahaushe ya ce ungulu ba ta jewar banza. Indiya ta ƙara da cewa rashin jewarta ma ba banza ba ne.

To, mene ne halin namu? Amsa mafi ƙarfi ta fito daga wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay. Tsakanin 1969 da 1973 ya bi hanyoyin Burkina Faso, Mali da Nijar a mota yana ƙidaya duk tsuntsu mai cin nama da ya gani. A 2003 da 2004 ya sake bin hanyoyin nan, fiye da kilomita 8,000, a lokaci iri ɗaya na shekara. A wajen gandayen dajin da ake tsarewa, manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin 100, manyan gaggafa da danginsu kuma sun ragu da kusan kashi 90. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa mikiyar duwatsu da ungulun gari, wadda a da ba kasuwar da ba ta, cikin jerin masu dab da ƙarewa. A 2024 wani babban nazari kan nau'i 42 na tsuntsaye masu cin nama a Afirka ya tarar 37 daga cikinsu sun ragu. Dattijon da ke cewa a ƙuruciyarsa ungulu na cika rufin mahauta, yanzu kuwa sai a ci kasuwa a watse ba a ga ɗaya ba, abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da aka ƙidaya. Ya kamata a san kuma cewa manyan ungulaye ƙwai ɗaya suke yi a shekara, kuma ɗan sai ya kai shekara biyar ko shida kafin ya fara haihuwa. Abin da aka kashe a yini ɗaya sai a yi shekaru ba a mayar ba.

Musabbabin ba ɓoyayyu ba ne. Akwai gubar da ake sa wa a mushe don dila da kura da karnuka, wadda ungulu ke rigan su ci. Akwai feshin fara da na tsuntsayen jan baki, wanda ke kashe shahon da ya ci abin da aka fesa wa. Akwai saran manyan itatuwan da ake sheƙa a kansu, aduwa da jiga da kandili. Sannan akwai fatauci. A 2013 masu kare tsuntsaye a dajin Dadiya na ƙasar Girka suka ɗaura wa wata 'yar farar ungulu na'urar bin sawu, suka sa mata suna Paschalis. Irinta a yankin Balkan ma'aurata ba su kai ɗari ba. Ta ƙetare teku da hamada lafiya, ta sauka arewa maso gabas da Damagaram ta yi hunturu. A farkon 2014 na'urar ta nuna ta daina tashi, daga baya saƙo ya riƙa fitowa daga cikin Najeriya. Da aka bi ba'asi, sai aka tarar maharbi ne ya kashe ta don sayar da sassan jikinta ga masu tsibbu. A 2020 a Gini Bisau an sa wa ungulayen gari fiye da 2,000 guba, da yawa an yanke musu kai saboda wannan kasuwa.

Abin da ya rage shi ne sanin yadda lamarin yake a Damargu kanta, wata-wata, shekara-shekara, kuma a nan ne muhimmancin mai kallo daga gida yake. Baƙi sun daɗe suna ratsa ƙasar suna rubutu. Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya sauka a Tagelel a watan Janairu na 1851, ya bayyana Damargu a matsayin rumbun da ke ciyar da Azbin. A 1920 Angus Buchanan ya taso daga Kano ya bi ta Damargu zuwa Azbin yana tara tsuntsaye don gidan tarihin Tring a Ingila. Amma duk masu wucewa ne, kuma galibi da rani suke zuwa, lokacin da hanya ke da kyau. A yau ƙungiyar Sahara Conservation tare da ma'aikatan gandun daji suna bibiyar ungulaye a duwatsun Kutus na ƙasar Gure, da gandun Tarmit da aka kafa a 2012, da gandun Gadabeji na jihar Maradi. Damargu tana tsakanin waɗannan wurare, kuma mikiyar da ke sheƙa a Kutus tana iya cin abincin rana a kusa da Bakin Birji ta koma kafin faɗuwar rana. Masani daga Yamai ko daga Turai, ko da hanya lafiya lau take, ba zai iya zama kowace ranar kasuwa a Belbeji yana ƙidaya ba. Mahauci kuwa a can yake, haka malamin makaranta, haka mai jan ruwa a rijiya.

Mai kaji zai ce, kuma da gaskiyarsa: shirwa da shaho ɓarayin 'yan tsaki ne, ga matar da kajinta su ne asusunta wannan asara ce ta gaske. Mai ilimin addini ma zai tuna cewa shirwa na cikin halittu biyar da hadisi ya ba da izinin kashewa saboda cutarsu. Ba za a musa ko ɗaya ba. Amma izinin kawar da shirwar da ta addabi gida bai haɗa da ungulu ko mujiya ko shahon fara ba, balle zuba gubar da ba ta zaɓe. A cikin nau'o'in da ke ratsa sararin Damargu, kaɗan ne ke taɓa kaji, kuma wanda bai iya bambance su ba shi ne ke harbin mai gadin gonarsa a maimakon ɓarawon tsakinsa. Sannan in aka zo lissafi, abin da ke share kaji a ƙauye shi ne annobar da ke zuwa da hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasal, mai iya kashe mafi yawan kajin gida cikin 'yan kwanaki, alhali rigakafinta ba shi da tsada. Tsaki kuwa makonninsa na farko ne ke da hatsari. Akurki, ko kwando, ko 'yar rumfar ƙaya da zai ruga ƙarƙashinta, sun isa su rage ɗaukar.

Wani zai ce kallon tsuntsu aikin wanda ya ƙoshi ne, kuma ƙidayar wanda bai yi karatun abin ba me za ta amfana? Game da na farko, ba a ce kowa ya bar aikinsa ba. Makiyayi tun fil'azal da kewayar ungulu yake gane inda dabbarsa ta faɗi, abin da ake nema kawai shi ne a riƙa adana abin da aka riga aka gani. Game da na biyu, a duba ma'aunin ruwan sama da ake kafawa a ƙauyuka. Mai karanta shi ba injiniya ba ne, kuma awon yini ɗaya ba ya nuna komai, amma da yake wuri ɗaya ne, hanya ɗaya ce, shekara da shekaru, da shi ake sanin ko damina na ja da baya. Ƙidayar tsuntsu haka take. A zaɓi wuri ɗaya, ko tsakar gida, ko mahauta, ko bakin tabki. A zaɓi lokaci ɗaya, misali rabin sa'a da hantsi kowace ranar kasuwa. A rubuta kwanan wata, da irin da aka gani, da adadi mafi yawa da aka gani a lokaci guda, don kada a ƙidaya tsuntsu ɗaya sau uku. Ranar da ba a ga kome ba ita ma a rubuta, domin sifili ma labari ne. Wanda ba a gane ba a ce ba a gane ba, a bayyana sifarsa, ko a ɗauki hotonsa da waya. Da boko ko da ajami duk ɗaya ne. Akwai kuma inda za a kai: ma'ajiyar bayanan tsuntsayen Nijar a intanet, NiBDaB, wadda daga baya ta faɗaɗa ta zama WABDaB ta haɗa da Chadi da Burkina Faso, an gina ta ne don karɓar irin waɗannan rahotanni da hotuna.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba: tsoron mujiya, da imanin cewa kan ungulu ko ƙwaƙwalwarta na kawo sa'a, ko farin jini, ko waraka. Mujiya ba ta da laifi sai fitowa da dare da kuka mara daɗi. Gidan da take yawan zuwa, ɓeraye ne a cikinsa. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kore camfi da tsuntsaye, ya kuma ambaci camfin mujiya musamman, sannan aya ta 19 ta Suratul Mulk tana jan hankalin mutane ne su dubi tsuntsayen da ke samansu su yi tunani. Shi kuwa maganin da aka haɗa da ungulu, babu wata shaida da ta nuna yana warkar da kome, akwai kuma hatsari a fili: yawancin ungulayen da ke shiga wannan kasuwa da guba ake kama su, mai saye kuma ita yake kai wa cikinsa ko cikin ɗansa. Dokar farauta ta Nijar ta 1998 ta sa ungulaye cikin halittun da aka haramta kashewa. Masu maganin gargajiya da dama sun san itatuwan da suke cewa suna maye gurbinta, kuma jawo su cikin aikin ya fi tsangwamar su amfani, domin su ne suka san hanyar da kayan ke bi.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne mafi nauyi: ashe bayyana inda tsuntsu yake ba nuna wa maharbi hanya ba ne? Wannan tsoro yana kan hanya, kuma shi ya sa dole a raba ƙidaya da tallar sheƙa. Adadin ungulun da aka gani a kasuwa ba sirri ba ne, amma itacen da mikiya ta yi ƙwai a kansa ba abin sa wa a Facebook ko WhatsApp ba ne. A gaya wa ma'aikacin gandun daji da maigari, a yi shiru. Kada a hau itacen, kada a tsaya kusa, domin in uwa ta tashi daga kan ƙwai da tsakar rana zafi na iya kashe shi. In aka kiyaye wannan, idon jama'a kariya ne. Maharbin da ya zo daga nesa ya fi samun yadda yake so a inda ba wanda ya damu. Kuma ƙidaya na haifar da aiki: garin da ya lura ungulayensa sun mutu bayan an sa wa karnuka guba, zai nemi a binne ko a ƙone mushen a gaba. Manoman da suka ga shahuna a zube bayan feshi suna da hujjar neman irin maganin farar da aka yi da naman gwari, Green Muscle, wanda aka gwada a Nijar tun shekarun 1990, yana kashe fara ba ya taɓa tsuntsu. Mai sassabe kuma zai bar babbar aduwa a tsaye, kamar yadda sassaben zamani ya maido da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin jihohin Maradi da Damagaram.

Saboda haka kira na farko ga malaman makarantun Tanut, Gangara, Falanko, Olelewa, Tenhiya da Tarka: littafi ɗaya da alƙalami sun isa aji guda ya riƙe ƙidayar garinsa, ɗalibai su gaji juna a kai. Sarakunan fawa su sa a riƙa rubuta yawan ungulun da ke sauka ranar kasuwa. Gidajen rediyon karkara su buɗe fili, masu sauraro su riƙa faɗin ranar da suka fara ganin baƙin damina da na hunturu. Matasa masu waya su zauna da dattawan Hausawa, Dagira, Buzaye da Fulani, su naɗi abin da suka sani na waɗannan tsuntsaye da wuraren da suke a da, tun masu sanin suna raye. Kai kuma mai karatu, duk inda kake, zaɓi wurinka da lokacinka a wannan makon, ka fara rubutawa. Wanda zai zo bayan shekara 30 yana neman sanin ko an ci gaba ko an ci baya, da littafinka zai auna.